Mai Makulli Ba Ya Kiran Suna

Litinin, 7 ga Yuli, bayan Azahar

Zaharaddeen ya dakatar da kashi na ƙarshe. A tsaye ya faɗa mini, a bakin ƙofar sutudiyo, yana karkaɗe ruwan sama daga hularsa. Kamfaninsa ne, masu zane nasa ne, yana da ikon yin haka. Ni rubutu kawai nake yi.

Bari in jera abin yadda aka koya mana a gidan jarida: abin da aka tabbatar daban, abin da ake zato daban.

Abin da aka tabbatar: Ganuwar Gishiri katun ne da muka yi don yara, manya suka ƙwace shi. Gari ne mai ganuwa, wani mutum mai naɗi har bisa hanci ya sa wa rijiyoyin garin kwaɗo, ana ce masa Mai Makulli. Bushra, yarinyar da wata tsohuwa ta rena, ita ke neman buɗe su. Anas maƙeri ne ke son ta. A rubutuna, kashi na ƙarshe zai nuna cewa Mai Makulli mahaifinta ne, ita ce 'yarsa ta fari. Ni da Zaharaddeen kaɗai muka san haka.

Abin da masu kallo suka yanke: son ta yake yi, so na aure. Suna so a ture Anas gefe a haɗa su.

Zaharaddeen ya ce, "Anti Hafsat, ki karanta sharhin mutane tukuna, sannan mu yi magana." Na ce na karanta. Ya ce in ƙara.

Ƙanwata Indo ta kira daga gidanmu na Sheshe. Jikin Baba yana nan yadda yake. Ban je ba.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Na ƙara karantawa. Ga kaɗan, yadda suka rubuta, ban gyara musu komai ba sai rubutun kalmomi:

"Anas ɗin nan kamar ruwan da aka dafa taliya, ba gishiri ba mai. A ba Bushra namiji."

"Ku lura fa, bai taɓa kiran sunanta ba. Kowa yana kira, ita kaɗai yake ce wa waccan. Idan ba so ba ne mene ne?"

"Da ta shigo fada ya juya fuska bango. Wayyo zuciyata."

"Kashi na bakwai ya aika mata takalmi ta hannun bawa, kuma daidai ƙafarta. DAIDAI ƘAFARTA. Anas ya san lambar takalminta?"

"Mugu ba dalili, kamar ɗaukewar wuta. Marubucin nan ya koma makaranta."

Hujjojinsu uku ne: suna, juya fuska, takalmi. Duk ukun ni na rubuta su, da gangan, kuma na ɗauka duk Bahaushe zai gane kunyar ɗan fari da ya gan ta. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya sakar masa fuska a gaban mutane, abin da zai ba shi ma ta hannun wani yake bayarwa. Na manta amarya da ango ma haka suke yi. Na manta kuma mafi yawan masu kallonmu iyayensu suna kiran su da suna har da "my dear" a kai.

Ga shi masu zane sun yi Mai Makulli dogo siriri, fuska a rufe. Ba wanda ya ga furfurar.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Wata ta zana Bushra da Mai Makulli a zaune ana musu kamu. Zanen ya yi kyau ƙwarai, abin da ya fi damuna ke nan.

Alhamis, 10 ga Yuli, da rana

Zama da Zaharaddeen. Ya kawo shawararsa a shirye: a cire maganar uba gaba ɗaya, a kwance naɗin a ga saurayi, a ce tsafi ne ya sa shi rufe rijiyoyin, Bushra ta warware, a bar ƙofa a buɗe don zango na biyu. Anas kuma a samar masa wata.

Na ce, "Tsafi."

Ya ce, "Anti, mutane suna son dalili."

"Tsafi ba dalili ba ne. Hanyar gudu ce."

"To ke mene ne dalilinki? Me ya sa ya rufe rijiyoyin?"

Na ce akwai mutanen da ba sa iya barci sai komai na hannunsu. Ya ce wannan hali ne, ba dalili ba. Ya yi gaskiya, kuma ban ji daɗin yadda ya yi saurin yin ta ba. Yaro ne mai kai, shi ya sa na yarda na bar teburin edita na biyo shi.

Ya ce, "Kin san abin da zai faru idan muka ce ubanta ne? Wata uku suna haɗa uba da 'yarsa. Za su ji kunya. Wanda ka sa ya ji kunya a bainar jama'a ba haƙuri yake ba ka ba, zagi yake."

Ba mu cimma komai ba. Gobe Juma'a, ranar da muka saba saki, za a sa sanarwa cewa an ɗaga.

Ruwa ya yi ta zuba. Indo ta turo saƙo: indararon ɗakin Baba ya toshe, an samu mai gyara. Na ce to.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan Masallaci

An sa sanarwar. Wani ya rubuta a ƙasa: "Suna can suna ɗinka wa Mai Makulli babbar riga."

Ban je Sheshe ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, da yamma

Akwai wani mai kiran kansa Mai Nazari, ya rubuta doguwar suka, shi ba ruwansa da aure. Na karanta ta da jan biro a raina kamar da, ban sami abin yankewa ba sai sakin layi ɗaya. Ya ce mutumin da ya bar yara da ƙishirwa a kashi na biyu ba zai zauna yana auna ƙafar yarinya a kashi na bakwai ba. Ya rufe da cewa: "Mugun da ba mu san ko so yake ko ƙi yake ba, wannan ba zurfi ba ne. Marubucin ne bai yanke shawara ba."

Na rubuta masa amsa mai kyau. Na kawo misalai daga littattafai, na bambance tsakanin ruɗani da sarƙaƙiya. Na karanta ta na goge. Duk abin da ke ciki daidai ne, amma bai taɓa jimlarsa ta ƙarshe ba.

Marubuciyar ba ta yanke shawara ba. Ba ta sani ba ne.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Azahar

Mikail, wanda ke yin muryar Mai Makulli, ya tare ni a matakala. Na ga babu amfanin ci gaba da ɓoye masa, na faɗa masa.

Ya riƙe baki. "Innalillahi. Anti, ubanta?"

"Ubanta."

"Ni fa tun kashi na uku na ɗauka soyayya ce! Shi ya sa idan na zo waccan ɗin nan nake sassauta murya, ina jan ta. Har atisaye nake yi a banɗaki."

"Na ji. Na ɗauka mura ce."

Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tsaya cak. "Kai, jama'a. Hoton kamu fa aka yi mana." Ya ce shi ma ɗan fari ne, amma babansa gatsau yake kiran sa, har da "kai dalla" a gaba. Sai kakarsa ce ya san ba ta kiran sunan babansa, ya ɗauka tsufa ne.

Ya tambaye ni, "To yanzu da wace murya zan yi ta? Kunya ce ko tsana?"

Na ce ya yi ta a miƙe, kada ya sa komai a ciki. Ya ce babu murya a duniya da ba komai a cikinta. Na ce akwai, na taɓa jin ta.

Talata, 15 ga Yuli

Kai na ciwo. Ban buɗe waya ba sai da rana.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan La'asar

Indo ta zo har gidana a Ƙofar Dawanau, ba ta sanar ba, da alkaki a kwano. Ta zauna ba ta cire mayafi ba, alamar ba hira ta kawo ta ba.

Ta ce, "Yaya, wannan mutumin naku Baba ne."

Na ce halitta ce ta labari, an haɗa ta daga wurare da yawa.

"Wane wurare? Har yadda yake kaɗa makullai kafin ya yi magana kuka sa. Har tarin. A ce wa waccan ta zo. Yaya, ni ce ake aika wa fa. Ni ce bawan."

Na yi dariya ban shirya ba. Ita ba ta yi ba.

Sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Tun da aka dawo da shi daga asibiti talabijin ɗin falo aka mayar ɗakinsa. Tun daga kashi na ɗaya yake kallo. Labarai ba sa riƙe shi, wa'azi ma barci yake yi, amma idan aka sa wannan idonsa biyu har a gama. Ranar Juma'a da ba a saki sabo ba, ya yi ta nuna akwatin da hannunsa mai lafiya.

Na ce, "Ya san ni na rubuta?"

"Sunanki ne farkon abin da ke fitowa. Hannu da harshe ciwon ya taɓa, ba ido ba."

Na tambaye ta yanayin fuskarsa idan yana kallo. Ta ce rabin fuskar ba ya motsi, ɗaya rabin kuma na Baba ne, wa ya taɓa karanta shi?

Da za ta tafi ta ce, "Kunya ce fa, Yaya. Ke 'yar fari ce. Haka suka taso."

Na ce na san kunya. Dada, kakata da ta rene ni, ba ta taɓa kiran sunan Baba ba har ta koma ga Allah, amma idan ya shigo duk gidan ya san ɗanta ya shigo, daga yadda take gyara zama. Mai kunya yana sakaya suna. Kowa a gidan nan 'Yardada yake ce mini, shi ko wannan bai taɓa faɗa ba. Kuma kunya ba ta sa mutum ya yi abin da aka yi shekarar da Umma ta bar gidan.

Indo ta ce, "Ki zo dai."

Ba zan rubuta maganar shekarar nan ba. Na ci alkakin.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Baba ya kalli kashi na biyu ke nan, inda yaran suke tsaye bakin rijiya da guga. Ya kalli na bakwai, na takalmin.

Me ya sa ban taɓa tunanin zai gani ba? Na yi tunanin masu kallo a Legas, a Yamai, a Jidda. Ban yi tunanin ɗaki ɗaya a Sheshe ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan Masallaci

Mako na biyu ba kashi. Yanzu sun rabu gida biyu suna faɗa da juna. 'Yan Anas, waɗanda ba su da yawa amma suna da naci, sun ce duk mai son Bushra ta auri wanda ya hana garinsu ruwa a duba tarbiyyarsa. 'Yan Makulli sun ce Anas ya je ya ƙera wa kansa hali.

Wata ta rubuta, ita kaɗai, ba wanda ya kula ta: "Ni dai tausayin Bushra nake ji. Kullum sai ta ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin ta fita, kamar tana jiran ya ce wani abu."

Ban rubuta wannan tsayuwar ba. Na duba rubutun, babu. Na tambayi masu zane, suka ce daga wurina suka ɗauka, haka nake yi idan zan fita daga ofishin Zaharaddeen.

Asabar, 19 ga Yuli

Ban je ba.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan Azahar

Na ce wa Zaharaddeen idan aka kwance naɗin aka ga saurayi, a cire sunana daga kashin, kuma ba zan yi zango na biyu ba. Ban ɗaga murya ba. Ya daɗe yana juya biro.

Ya ce, "Shi ke nan, ubanta ne. Amma ki ba su wani abu su riƙe. Za mu ƙwace musu biki, kada mu sallame su hannu wofi. A ƙarshe, da ya miƙa mata makullan, ya kira sunanta. Sau ɗaya. Bushra. Wallahi har 'yan Anas sai sun yi kuka."

A rubutuna ba haka ba ne. Tana cewa, "Ka faɗi sunana." Shi kuma yana ajiye makullan a ƙasa, ba a hannunta ba, ya fita ta ƙofar gari.

Na ce mutum irin wannan ba ya faɗa.

Ya ce, "Kin tabbata, ko haka kike zato?"

Da kalmomina ya kama ni, ya kuma san ya kama ni. Mun tsaya a kan Mikail zai ɗauki duka biyun, masu zane su shirya duka biyun tunda motsin baki ne kawai a ƙarƙashin naɗi, ni kuma in zaɓa kafin Juma'a.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

Mikail ya ɗauka. Na shiru bai ba shi wahala ba, numfashi ne da ƙarar makullai. Na sunan ya yi ta maimaitawa. Na farko ya fito da soyayyar nan tasa, muka yi dariya. Na gaba ya fito kamar mai kiran mai shayi. Can ya cire abin kunne, ya ce a sake. Ya faɗe shi a hankali, da ɗan tuntuɓe a tsakiya, kamar kalmar baƙon harshe da mutum ya daɗe yana karantawa bai taɓa furtawa ba.

Na ce ya yi. Na shiga banɗaki na wanke fuska.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan La'asar

Na je Sheshe.

Lungun ya cika da ruwa, sai da na bi ta gefen bango. Zauren har yanzu ƙamshin turaren da ake ɗaurewa a kai kasuwa yake yi, shekaru bayan an daina. Rijiyar tsakar gida tana nan da murfinta da kwaɗonta, alhali famfo ake sha tun ina jami'a.

Baba ya rame. An sa masa jar dararsa ko da yake a kwance yake, Indo ta ce in ba da ita ba, ba ya yarda a shigo masa. Makullan suna ɗaure da zare a wuyan hannunsa mai lafiya.

Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni. Ya jiki?"

Indo ta ce, "Baba, ga 'Yardada."

Ya dube ni. Sannan ya juya fuska bango, a hankali, da wahala, don wuyan ma ba ya ba shi haɗin kai sosai. Sai da ya yi aiki kafin ya juya. Na lura da wannan, ban san a wane ɓangare zan sa shi ba.

Na zauna. Indo ta yi ta surutu kan mai gyaran indararo da tsadar magani. Can makullan suka yi ƙara. Yana nuna wa Indo wani abu, fuskarsa na bango. Ta ce ruwa? A'a. Filo? A'a. Ta bi yatsan da ido har ƙasa, har ƙafafuna. Takalmina ya jiƙe a lungu, na cire shi a bakin ƙofa, sawuna ya bar laima a kan tabarma.

Indo ta fita ta kawo mini silifas.

A hanya ta ce, "Kin gani? Kada ki yi mura yake nufi."

Na ce ko kuma na ɓata masa tabarma.

Ta ce, "Yaya, ke dai Allah ya shirye ki."

Da zan fita daga ɗakin na tsaya a bakin ƙofa. Na san na tsaya, na ji kaina ina yi, ban iya hanawa ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da rana

Na zaɓi na shiru. Na tura wa Zaharaddeen. Ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Dalilina, don in same shi a rubuce idan na fara shakka: ba zan sa a bakin mutum abin da ban taɓa ji ba. Baba zai kalla. Idan Mai Makulli ya kira sunan, ya zama ina roƙo a gaban duniya, ko ina koya masa abin da ya kamata ya yi. Idan bai kira ba, na faɗi abin da na sani, na tsaya a nan.

Za su zage mu. Mai Nazari zai ce har ƙarshe ban yanke shawara ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, da hantsi

An gama haɗawa. Za a ɗora bayan Masallaci.

Juma'a, kafin Azahar

Indo ta kira, tana haki. Ta ce da safe ta sa masa kashi na sha ɗaya don ya daina nuna akwatin. Da sunayen farko suka fito ya yi magana. Tun da ya kwanta sauti yake yi, ba kalma ba, amma wannan ta ce kalma ce, gaɓa biyu, kuma sunana ne. Ba 'Yardada ba. Hafsat.

Na tambaye ta wa ke ɗakin. Ita da mai yi masa gashin ƙafa. Na ce ta ba mutumin wayar. Ya ce shi dai ya ji Alhaji ya yi sauti, amma hankalinsa na kan gwiwa, ba zai rantse ba. Ya ce masu irin wannan ciwon wani lokaci suna karanta abin da suka gani a rubuce ba tare da nufin komai ba, wani lokaci kuma da nufi.

Indo ta karɓe wayar. "Wallahi Yaya na ji. Ni ba yarinya ba ce."

Na ce ta sake sa masa farkon. Ta ce ta sa, ya yi barci.

Shaida ɗaya ta ce e, ɗaya ya ce bai sani ba. A jarida ba a buga wannan.

Na kira Zaharaddeen na ce kada ya ɗora tukuna, ya ajiye duka biyun a kusa. Ya ce, "Anti, mutane sun yi mako biyu suna jira." Na ce na sani. Ya ba ni zuwa Magariba.

Indo ta ce yakan farka bayan La'asar. Na sa takalmin roba. Ni dai har yanzu ban ji ba.